Filtar da Malam Ya Wanke da Fetur

Shekara tara ke nan da rasuwar Malam. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara a jarida ba. Mutanen Wunti sun san shi da Mai Kunkuru, saboda motarsa. Ni ce Kande mai masa, matarsa. Ban yi boko ba. 'Yata Asabe ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma gargaɗe ta kada ta ƙara gishiri.

Duk shekara idan wannan wata ya kama, sai mutane su zo su ce in yi haƙuri. Na yi. Haƙuri ba baƙona ba ne. Bana dai na ga yaran unguwa sun fara ba da labarinsa kamar waliyyi na aura, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda yake. Ba waliyyi ba ne. Mutum ne mai yawan dariya, mai yawan surutu, mai taurin kai kamar jakin kaya, wanda har ya koma ga Allah bai iya yar da komai ba. Lanƙwasasshiyar ƙusa ya tsinta a hanya sai ya kawo gida ya miƙar da ita.

Motar kuwa tsohuwa ce tun ranar da na fara ganinta. Irin 'yan ƙananan nan ne masu doron baya, inji a baya, wurin kaya a gaba, ba sa shan ruwa, iska ke sanyaya su. A gwanjo ya saye ta lokacin yana direba a wata ma'aikata, tun kafin ya san ni. Ita ke ɗauko mini shinkafa da itace da man gyaɗa. Matan layinmu da yawa ita ta kai su asibiti da naƙuda. Tana shigowa ta bakin kasuwa za ka ji ƙararta, mata su ce a ɗora wa Malam ruwa, ga shi nan.

Ni ba 'yar Bauchi ba ce. A wani ƙauye bayan Dass aka haife ni, gindin dutse. Can na yi auren fari. Na haifi uku, na binne uku. Dangin miji suka ce ƙafata ce ba ta da kyau, aka sallame ni. Ranar da zan tafi ba wanda ya fito sai yayata, Yaya Gambo. Ta raka ni har bakin hanya, ta sauke tandarta ta toya masa daga kanta ta ɗora a nawa. Ta ce wannan ba ta bar mutum da yunwa. Da ita na shigo Bauchi, da ita na ci abinci, a bakinta kuma Malam ya same ni. Na ce ni da ƙauyen nan har abada. Yaya Gambo ce kan zo wurina bayan kaka, ta yi kwanaki ta koma. Malam kan ce mu je in ga gida, in ce masa gidana ga shi nan.

Haka muka yi ta tafiya har furfura ta fito mana. Sai Yaya Gambo ta daina zuwa. Ƙafa ta ƙi, ido ya rufe. Wata rana wani mai kawo doya ya tsaya a wurin tandata ya ce tsohuwar ta ce a gaya wa Auta, in tana son su gana a duniya to ta zo. Auta ni ce.

Na gaya wa Malam zan je. Amma na ce da sharaɗi. Da ƙafa na fito daga garin nan da tanda a kai, ana leƙena ta katanga. Ba zan koma in sauka daga motar haya a bakin kasuwa kamar wadda ta zo roƙon hatsi ba. A gaban motar gidana zan shiga. An ce zumunta a ƙafa take. Tawa ta gaji da ƙafa, taya take so. Malam ya yi murna har ya manta da hularsa a masallaci.

A makon nan injin ya buga.

Bakaniken motar Ishaya ne, mutumin Tafawa Ɓalewa, garejinsa na bayan kasuwa. Shi da Malam abokai ne tun suna samari. Malam na kiransa Fasto, shi kuma yana kiran Malam Liman, alhali ba wanda ya taɓa jan ko mutum biyu salla ko addu'a a cikinsu. Ishaya ya sauke injin, ya warware shi a kan buhu, ya kai abin da za a gurza aka gurza. Da ya dawo bai yi wasa ba. Ya ce wannan ita ce gurzar ƙarshe, ƙarfen ya ƙare. In ya sake bugawa, sai 'yan gwangwan su zo da sikelinsu. Irin injin nan kuwa an daina ganinsa ko a Jos.

Ya kuma faɗi abin da ke kashe shi. Wannan mota tun asali ba a yi mata filtar mai ba. Abin da take da shi 'yar rariya ce ta waya a gindin inji, wadda ake cirewa a wanke da fetur duk ranar juyen mai. Rariyar tana tare tsakuwa, amma rairayi da garin ƙarfe wucewa suke, su yi ta zagayawa cikin mai suna cin inji kamar gara. Ishaya ya ce ya samo wasu kaya a wurin masu kawo tsofaffin kayan mota daga waje: sabon murfin famfon mai, tiyo biyu, da mazaunin da ake murɗa filta irin ta motocin yanzu. Sai dai dole a huda jikin injin wuri ɗaya, inda man zai koma bayan an tace shi.

Nan Malam ya tuma. Ya ce wanda ya ƙera motar nan ba wawa ba ne, da tana bukatar filta da ya sa mata. Ya ce wannan bidi'a ce. Ishaya ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Malam ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Ishaya ya ce ai tsohuwar zumar ce ga ta nan warwatse a kan buhu. Kwanaki suna wannan. Safe su yi musu, rana su ci masata tare, yamma su ɗora daga inda suka tsaya. Ni kuwa ina lissafin tsohuwa tana can tana jira.

Ran nan na kai musu abinci na tarar suna yi. Na ga tsohon man da aka juye daga injin a cikin wani gwangwani. Na ciro ƙyallen da nake tace man gyaɗa da shi, na ɗaure a bakin wani kwano, na tuttule baƙin man a kai. Ni dai abin da na sani, man da ka yi tuya da shi jiya, in ba ka tace ba, gutsattsarin jiya ne za su ƙone su ɓata maka na yau. Da man ya tsiyaye, abin da ya rage a ƙyallen kamar an kwaɓa toka da rairayi, yana walƙiya a rana. Na miƙa wa Malam. Ya murza a yatsa. Ya daɗe yana murzawa. Gani ya kori ji.

Ya ce, "Fasto, huda ta. Amma ba a gabana ba."

Ya fita ya zauna can gindin dalbejiya ya juya wa gareji baya, kamar uban da wanzami ya shiga da ɗansa. Yana jin ƙarar na'urar huda yana salati. Ishaya kuwa don mugunta ya gama tun tuni ya bar na'urar tana kuka a iska.

Aikin ya yi kyau. Ishaya ya wanke injin tas don kada garin hudar ya saura a ciki, ya ɗaura murfin, ya ja tiyo ɗaya daga famfo zuwa filta, ɗaya daga filta ya koma inji. Ya ɗaure mazaunin a ƙarƙashin marfin tayar baya, nesa da salansa. Ya duba ya sake dubawa kada ya juya tiyon, don ya ce in aka sa mai shiga a wurin mai fita, filtar rufe hanya take yi, inji ya mutu da ƙishi. Da aka tayar, motar ta yi wata murya mai laushi da na manta tana da ita. Malam ya zagaya ta yana shafawa. Kafin magariba ya riga ya gaya wa rabin Wunti cewa shi ya kawo shawarar.

Ishaya ya ce sabon gyara sai an lallaɓa shi. A yi ta yawo da ita cikin gari a hankali na ɗan lokaci, don sababbin ƙarafa su saba da juna. Duk garin da suka zubar filtar za ta kama. Kafin a hau doguwar hanya sai a juye mai, a cire filtar a yar, a sa sabuwa. Ya ba Malam sabuwar a kwalinta.

A yar. Wannan kalmar ce ba ta shiga kunnen Malam ba. Ya kawo sabuwar gida ya sa a akwati, kusa da takalmin da ya saya tun bikin Asabe yana jira a yi babban taro ya sa.

Ana nan wani saƙo ya sake zuwa, cewa Yaya Gambo ta daina cin abinci. Muka sa Lahadi. Ranar Asabar da hantsi na tashi daga tanda na shigo gida, na tarar da Malam zaune a tsakar gida da kwanon wankina cike da fetur. Filtar na ciki. Yana ɗura mata fetur yana girgizawa kamar mai kaɗa nono, yana zura waya ta ramukan yana sakacewa. Ya gama ya ɗora ta a kan kwanon rufi ta sha rana. Ya dube ni yana murmushi ya ce tun ba a haifi Asabe ba yake wanke rariyar motar nan da fetur, ba ta taɓa yi masa gardama ba. Ya ce dubi gwangwani lafiyayye, ko tsatsa babu, wai a yar.

Hali zanen dutse. Na san in na ce kada, ya rantse, in kuwa ya rantse an gama. Na yafa mayafi na tafi gareji na tambayi Ishaya ko ana wanke abin nan. Ya zauna a kan taya ya yi dariya har da hawaye. Sai kuma dariyar ta tsaya. Ya ce abin da ke cikin gwangwanin ba waya ba ce, takarda ce aka nannaɗe. Fetur da sakace sun riga sun gama da ita. In ta ji zafi ta ji ƙarfin famfo, tana iya ruftawa ta toshe hanyar mai. Ya tashi da kansa ya je wurin abokinsa. Bai daɗe ba ya dawo yana kaɗa kai. Malam ya ce masa ya riga ya ɗaura, ya kulle mota, mabuɗi na aljihu, Fasto ya je ya ji da gangarsa. Ishaya shi ke buga ganga a cocinsu, shi ya sa ba zai iya bin mu ranar Lahadi ba.

Sai ya zaunar da ni ya koya mini. Ya ɗauko wata filta ya nuna mini yadda ake murɗewa, yadda ake duba kada tsohon zoben roba ya maƙale a mazauni, yadda ake cika sabuwa da mai, a shafa wa zobenta mai da yatsa, a ɗaure da hannu kawai ba da ƙarfe ba. Sannan ya ce akwai 'yar fitila koriya a cikin agogon gudu. A motocin mutane ja ne haɗari, a wannan kore ne.

Ya ce, "Maman Asabe, in ta ƙifta ko sau ɗaya, a kashe mota. Kada ki jira Liman ya kai ƙarshen labarinsa, don ba ya kaiwa."

Da asuba na toya masa mai kyau, ta shinkafa zalla, irin wadda Yaya Gambo ta koya mini. Malam na masallaci na buɗe akwatinsa na ɗauke sabuwar filtar, na naɗe ta a leda da ƙyalle, na sa a gindin kwanon, na jera masa a kai. Na ɗaura atamfar salla. Na shiga gaba na ɗora kwanon a cinya.

Muka bi ta Yelwa, muka wuce Gwallameji. A lokacin gonaki sun fi gidaje yawa a can. Malam na tuƙi yana ɗaga wa mutane hannu, waɗanda ya sani da waɗanda bai sani ba, yana ba ni labarin wani shugabansa na wurin aiki da ya taɓa ɗauka. Rabona da hanyar nan tun ina da ƙuruciya. An ce mini duwatsun suna nan yadda na bar su. Ban gani ba. Fitila nake kallo.

Mun wuce Bayara da nisa, muna hawan wata 'yar tudu, ta ƙifta.

Na ce, "Malam, kashe."

Ya ce bari dai in ji abin da mutumin ya ce masa. Fitilar ta kama sosai. Na miƙa hannu na murɗe mabuɗin da kaina. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa taɓa mabuɗin nan ba sai ranar. Motar ta yi shiru, ta gangara gefe ta tsaya a gindin wata ɗorawa. Ya buɗe baki zai yi faɗa, na nuna masa wurin fitilar. Direba ne, ya gane.

Ya fita ya duba mai, yana nan cike. Ya duba tiyo, ba inda ke yoyo. Ya tsuguna ya dubi filtarsa da ya wanke. Sai ya koma kan wani dutse ya zauna ya cire hula. Can ya ce sabuwar tana akwati a Bauchi. Ya ce in ya sake tayar da motar a haka, injin ya tafi ke nan. Ya ce bari ya tsayar mini da motar haya in wuce, kada in rasa ganin 'yar'uwata saboda wautarsa.

Ya ce, "Kande, na kashe miki tafiya."

Na sauko da kwanon na ajiye a gabansa. Ya ce ba ya jin yunwa. Na buɗe, na kwashe masar sama a murfi, na ciro ƙullin na warware.

Ya dubi filtar. Ya dube ni. Sai dariya ta kama shi, ya zame daga kan dutsen ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa. Da ya samu numfashi ya ce ni da Fasto mun ci amanarsa. Na ce mun ci, tashi mu yi aiki.

Tsohuwar filtar ta ɗauki zafi kamar garwashi. Ba mu da abin kama ta. Malam ya naɗa tsumma, hannu ya zame. Ya kama da hannu, ya saki yana yarfewa. Na ce ya matsa. Hannun da ya yi shekaru yana juya masa a bakin wuta ya daina sanin zafi. Na tattare atamfa na kwanta a gefen taya na kama ta na murɗa. Ta yi gardama, ta saki. Baƙin mai ya biyo mini hannu har gwiwa. Na laluba mazaunin, ai kuwa tsohon zoben ya maƙale, na ɓamɓare shi. Malam ya ɗauko galan ɗin mai da ba ya rabuwa da shi, ya cika sabuwar. Na shafa wa zoben mai da yatsa, kamar yadda nake shafa wa ramin tanda, na murɗa har ta zauna, na ƙara kaɗan. Wasu matan Fulani da ƙoren nono sun tsaya suna kallon tsohuwa da kayan salla a ƙarƙashin mota. Ɗaya ta tambayi Malam ko ni ce direban. Ya ce a'a, ni ce mai motar, shi ɗan rakiya ne.

Ya yi bismilla ya murɗa mabuɗi. Inji ya tashi, fitilar na kunne. Muka zuba mata ido. Sai fitilar ta mutu. Muka saurara, ba ƙwanƙwasa, ba wani baƙon sauti. Na jefar da tsohuwar filtar cikin ciyawa. Ina gyara ɗankwali na hango shi ta madubi ya je ya tsinto ta ya sa a wurin kaya.

Daga nan na ga duwatsun. Suna nan.

Mun shiga ƙauyen rana ta take tsaka, ni a gaba, na miƙe wuya. Waɗanda na yi wa kwalliyar duk sun mutu. Waɗanda suka fito kallo ba su ma san an taɓa yin wata Kande ba. Na yi wa kaina dariya. Ashe kushewa na ɗaura wa atamfa.

Yaya Gambo na kwance a tabarma a ƙofar ɗakinta, ta zama kamar tsinke. Ta ji ƙarar motar ta tambaya wa ya kawo injin niƙa ƙofar gidanta. Na durƙusa na ce ni ce. Ta laluba fuskata. Ta kama hannuna ta kai hanci ta shinshina, ta sake shinshinawa.

Ta ce, "Auta, da wane irin mai kike toya masa yanzu?"

Na ba ta labari. Ta yi dariyar da ta sa ta tari. Aka tashe ta zaune, na gutsura mata masa na tsoma a miya. Ta ci ɗaya, ta ci ta biyu. Ta ce ƙullun bai kwana sosai ba, tsami ya yi kaɗan. Da na ji ta fara kushe na san ba ranar za ta mutu ba. Ta ce kuma sai ta shiga wannan injin niƙan. Malam ya ɗauke ta cak ya sa a gaba, ni aka mayar da ni baya. Ya zaga da ita gari a hankali, ta bakin kasuwa, ta bakin rijiya, tana ɗaga hannu ga mutanen da ba ta gani. Ta ƙara damina guda a duniya. Mun koma wurinta sau da yawa kafin nan, kowane zuwa da sabuwar filta, ba gardama.

Da muka dawo Ishaya ya yanka tsohuwar filtar ya nuna mana. Takardar ta rufta ta cure kamar jiƙaƙƙen tuwo. Ya sake juye man, ya saurari injin, ya ce Allah Ya rufa asiri, hannun da ya murɗe mabuɗi ya yi sauri. Malam ya amshe gwangwanin. Ya ƙone shi ya goge, ya kafa a bangon zaure ya zuba ƙusoshi. Daga ranar ya yarda a cire filta, bai dai yarda a yar ba. Duk juye sai bangon ya ƙaru da gwangwani guda: na noti, na maɓalli, na tsofaffin mabuɗan da ba wanda ya san ƙofarsu.

Nakan zauna a bakin tanda in ce da Malam zai leƙo Bauchin yau, me zai ce? Wunti ta cika da keke, ba inda kunkuru zai juya. Na ji an ce makanikan yanzu waya suke jona wa mota ta gaya musu ciwonta. Zai ce motar da sai ta yi magana da waya kafin a san damuwarta, mai ita ne kurma. Na ji ana mayar da motoci suna shan gas. Zai ce bidi'a, ya yi mako yana musu, sannan ya gaya wa kowa shi ya fara kawo shawarar. Abin da zai fi ɗaga masa hankali shi ne yadda ake yar da kaya. Roba, kwalba, waya, fanka, abu ya ɗan yi tari sai bola. Da yana nan da sai mun ƙaura mun bar wa tarkace gidan.

Amma akwai abin da zai sa shi yin kwana uku yana surutu. Motarsa na nan, da injin nan dai na gurzar ƙarshe. Asabe ke tuƙa ta, shi ya koya mata. Tana koyarwa a makaranta, tana zaune da mijinta a Gwallameji, daidai inda muka wuce gonakin dawa a waccan tafiyar. In ta biyo ta Yelwa ɗalibai kan tare ta su ɗauki hoto. Amare kan aiko a ba su aronta su jingina a yi musu hoton biki. Motar da aka yi ta yi wa dariya ana cewa a tura ta gidan tarihi. Wani mai otal ya zo har gida yana so ya saya ya kafa a ƙofarsa ya dasa mata furanni. Na ce masa ba ta gama aiki ba. Kowa ya daɗe ya ga daɗau.

Ishaya ya tsufa, ya bar wa 'ya'yansa gareji. Amma ranar juye Asabe kan je ta ɗauko shi. Ya zauna a benci a zaure yana ba da umarni, ya sa a kawo masa sabuwar filtar ya shafa zoben da yatsansa. In ya ci masa yakan bar guda biyu a gefen kwano. Ban taɓa tambayarsa na wa ne ba.

Malam bai bar bene ba, bai bar gona ba. In aka auna abin da ya bari, tsohuwar mota ce da bangon gwangwanaye. Na daɗe ina ganin halin nan nasa na ƙin yar da abu aibi ne, ya kuwa kusa hana ni ganin 'yar'uwata. Amma ni ma an taɓa yar da ni. Lokacin da ya ce zai aure ni, an gaya masa komai, an ce wannan ta binne uku, dangin miji sun sallame ta. Ya ce ya ji. Da na haifi Asabe tsofaffi suka ce a kira ta Ajuji, a nuna ba a damu da ita ba ko mutuwa ta wuce ta. Ya ce a gidansa ba a kai komai juji, balle mutum. Ga ta nan zaune tana rubutu, tana share ido tana cewa hayaƙin tanda ne.

Allah Ya yi masa rahama, Ya sa inda ya je an karɓe shi yadda ya karɓi abin da wasu suka zubar.

Makon jiya aka yi juye. Da aka cire tsohuwar filtar Asabe ta ce bangon ya cika, ko a kai wannan bola. Ishaya ya dube ni, na dube shi. Na ce ta ɗauko guduma. Akwai sauran wuri a saman ƙofa, ƙusa kuwa ba ma saye, ya bar mana miƙaƙƙu da yawa.